Oga Ba Ya Tafiya a Ƙasa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya ji ƙansa. Ma'aikacin ofis ne, kuma in ban da an ce kwana ya ƙare, ni dai na san kujera ce ta ci shi.

Sanda aka kawo ni gidansa a Tudun Wada ƙaramin akawu ne, siriri. Da ƙafa yake zuwa aiki, da ƙafa yake dawowa, ya share tuwonsa ya kwana lafiya. Da girma ya zo sai aka ba shi ofis shi kaɗai, da ƙararrawa a kan tebur. Fayil, masinja ya kawo. Abinci, masinja. Har butar alwala sai an ɗauko masa. Tumbi ya fito, dangi suna ta yi mana barka, wai hutu ya zauna.

Da hawan jini da ciwon suga suka kama shi, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Ya kuwa gwada. Bai kai bakin titi ba wani na ƙasa da shi a ofis ya ci birki da babur: "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar?" Washegari maƙwabciya ta shigo yi mini jaje, wai ta ji an sallami Alhaji daga aiki. Da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, da furfurata da muƙamina a gan ni ina ratsa 'yan acaɓa?" Na ce, "To zauna, Alhaji, muƙamin ya yi maka magani." Ya koma motarsa. Bai daɗe da ritaya ba ɓarin jikinsa ya shanye.

Da zai leƙo yau ya ga manyan ma'aikata da fararen gemu suna sassarfa a bakin titi da safe, ina jin zai kau da kai, can anjima ya tambaye ni inda ake sayar da irin takalmansu.

Babban ɗanmu ne ya sa na ɗauki biro, da wannan rubutu nawa na yaƙi da jahilci. Ya doshi hamsin, an ƙara masa girma, shi ko ƙararrawa ba ya nema, waya ta ishe shi. Likita ya gaya masa abin da aka gaya wa ubansa, shi kuma ya ba ni amsar ubansa.

Marigayi ya bar mana suna mai kyau, ba wanda ya taɓa cewa ya ci haƙƙinsa. Wannan mun riƙe. Kunyar nan da ya bar wa yaro kuwa, ba za ta ɗauke mini mutum biyu ba. Shi ya sa kullum bayan asuba nake buga masa ƙofa ya raka ni Gyallesu duba ƙanwata, a ƙasa. Lafiyarta ƙalau, har ta gaji da ganina, gwiwoyina ma suna ƙorafi. Amma ko shi ne shugaban ofis, ba ya jin kunyar a gan shi riƙe da hannun uwarsa.