Huji Takwas a Takardar Ngadda

Har yau wata Litinin ta watan Agusta ba ta fita raina ba. Lokacin shekarata shida ina shara a ofishin masu zanen taswira.

Ga yadda aikin yake, don ku na baya ku gane. Ana kawo hoton ƙasa wanda tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama. Sai a shimfiɗa takarda mai shara-shara a kansa, a kafe ta da allura huɗu, a shafa ja duk inda ruwa zai ci ƙasa a gaɓar kogin Ngadda. Inda jan ya faɗa, can ake kai dashen itatuwa da duwatsu.

Ran Juma'a na goge ɗakin zane, na buɗe taga don ya bushe, na tafi gida Mafoni na manta. Kwana biyu ana ruwa. Da na dawo, takardar ta sha danshi ta saki. Modu mai zane ya ja ta ya sake kafewa, yana ta shafa jansa. Ban san baƙi ba, amma na iya ƙirga: huji takwas na gani, ba huɗu ba.

Na ce masa, "Ɗan nan, ɗaga hannunka, takardar ta goce."

"Haba Ya Falmata! Gocewar ba ta fi ƙwayar dawa ba."

Ba wanda ya san zancen taga. In na yi shiru, aikina na nan. Na jingine tsintsiya na shiga wurin Malam Bitrus, shugaban sashen.

"Yallaɓai, ni na bar taga a buɗe. Takardar ta goce."

Ya zo ya auna. Sannan ya dubi Modu. "Ƙwayar dawar taka gonakin mutum nawa ce a ƙasa? Da mun kai dashe inda ba a bukata, mun bar gaɓar da ke zubewa."

Aikin sati uku aka sake daga farko. Aka ba ni takardar gargaɗi, na dangwala. Malam Bitrus ya miƙo hannu in ba shi makullin ɗakin, sai kuma ya janye.

"Riƙe abinki, Iya. Wanda zan ba, ba lallai ya zo ya faɗa mini ba."

Wasu masu zanen ba su sake gaishe ni ba har kaka. Ko a jikina. Kuskuren aikin nan ba ya zama a ofis, a gonar wani yake sauka, mutumin da bai taɓa ganin fuskarku ba. In kun ɓata, ku faɗa tun takarda na kan tebur.