Zane ukun Lawali sun koma kan hauren giwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai aminina Lawali makwancinsa. Duk shekara in watan ya zagayo nakan je unguwar Maourey a Yamai in gai da iyalinsa, mu yi masa addu'a, in dawo gida. Bana ban je ba. Raina a ɓace yake, kuma na ga gara in faɗi dalili a nan, inda kowa zai karanta.

Ga wanda bai san shi ba, Lawali masassaƙi ne. A hannun ubansa ya gaji sassaƙar hauren giwa: awarwaro, tasbaha, 'yan ƙananan giwaye da baƙi ke saye su tafi da su ƙasarsu. Ni kuwa shofer ne, a lokacin aikina kai masu yawon buɗe ido gandun dajin W. Wata rana ya ce in tafi da shi, wai kunya yake ji, ya tsufa yana sassaƙa giwa bai taɓa ganin ta da rai ba. Na cusa shi bayan mota tsakanin jarkokin ruwa.

Da safe muka tarar da garke a bakin ruwa. Turawa na ta ɗaukar hoto, shi kuwa Lawali sai dariya, wai ashe duk giwayen da ya sassaƙa ya rage musu kunne. A hanyar dawowa ne ungulaye suka ja hankalin jagoranmu, muka ratse. Giwa ce kwance, ta kumbura, an faskare fuskarta da gatari an cire haure biyu, naman ko yanka ɗaya ba a taɓa ba. Warin har yau ban manta da shi ba. Lawali ya daɗe tsaye yana duban saran. Da muka shiga mota ya ce, "Sule, don hannuna aka yi wannan aiki."

Daga ranar ya bar haure, ya koma ƙashin raƙumi. Wajen mahauta yake zuwa ya kwaso, ya dafa, ya kankare, ya shanya a kan rufi har ya yi fari. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin wari, abokan sana'a suka sa masa suna Lawali Kura. Ko a jikinsa. Duk abin da ya gama sai ya kifa shi ya yi zane uku a ƙasa da bakin wuƙa. Sannu a hankali ma'aikatan duwan, wato kwastan, da na gandun daji suka san zanen. In baƙo zai fita da giwa fara, su kifa, su ga zane uku, sai su ce ya wuce, aikin Lawali ne, ƙashi ne. Ba takarda, ba hatimi. Gaskiyar mutum ɗaya ce kawai.

Da Lawali zai ɗago kai yau, me zai gani? Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, hanyar gandun ba ta biyuwa saboda rashin tsaro, giwayen ma ban san a hannun wa suke ba. Ni na koma tuƙa wani babban mutum a unguwar Plateau, nan Yamai. Mutum ne mai son dabbobi, in ka ji bakinsa. Ba taron kare namun daji da za a yi a otel bai hau mumbari ba. Duk hutu yakan kwashi iyali zuwa gabashin Afirka kallon giwa da karkanda, ya dawo yana nuna mini hotuna a waya, yana cewa mu nan ba mu san darajar abin da Allah ya ba mu ba. Ni dai nakan ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," in ci gaba da tuƙi.

Watan jiya ya aike ni shagon Lawali, wanda ɗansa Habu ke riƙe da shi yanzu, in karɓo tsarabar da zai kai wa wani abokinsa a waje. Tun da na ɗaga ƙunshin, hannuna ya gaya mini ba ƙashi ba ne. Na kwance. Giwa ce, santsi, sanyi, da nauyin da ƙashi ba ya yi, kuma babu ɗigon baƙin nan da ba ya ɓuya a jikin ƙashin raƙumi. Na kifa ta. Zane uku.

Na ce, "Habu, mene ne wannan?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Tonton," wato kawu, haka yake kirana, "tsohon haure ne, giwar ta riga ta mutu. Manya ba sa son ƙashi. Zanen kuma gadona ne."

Tir! Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Kowane haure ai na giwar da ta riga ta mutu ne. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yaron da aka ciyar da kuɗin ƙashin raƙumi, aka sa shi lakwal, wato makaranta, da su, shi ne ya ɗauki amanar da ubansa ya tara cikin wari da gori ya mai da ita mayafin ɓarna. Shi kuwa maigidana, da na kai masa na ce haure ne, sai ya ce ai shi ya sa ya zaɓi shagon, ba a bincikar kayansu. Na ajiye masa makullin mota a kan tebur.

Na je wa Habu sau biyu bayan nan, na haɗa shi da mahaifiyarsa. Ya ce ya ji, kuma bai daina ba. Na san bayan wannan rubutu ƙofar gidan nan ta rufe mini, gidan da na ci tuwo a cikinsa shekara da shekaru. Na auna, na ga Lawali bai bar gona ba, bai bar mota ba, bai ceci ko giwa ɗaya da hannunsa ba. Abin da ya bari shi ne mutane sun yarda da shi ba tare da sun duba ba, kuma da wannan yardar ake kashe giwa yau.

Saboda haka, ku ma'aikatan duwan da na gandun daji, ni da na ga ranar da zanen nan ya samo asali, ina roƙonku ku daina yarda da shi. Duk farar giwar da kuka kifa kuka ga zane uku, ku duba ta da kyau kamar ta kowa. Mai zanen yana kabari, Allah ya jiƙansa, kuma tare da zanen muka binne shi.