Robar kyauta da na yi suya da ita

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan rabona da rubutu a nan. Masu tambaya ko na daina suyar awara ne, ga amsarku. Ku karanta har ƙarshe, ba na son karatun tsallake.

Gidanmu yana bakin gari, ta hanyar Batagarawa. A bayanmu akwai wani kamfani da ke narka tsofaffin robobi da ledoji. Duk Asabar sukan fito da tarkacen da injin ya ƙi, su raba wa matan unguwa a buhu, kyauta. Abin da ya rage su tura a rami su banka masa wuta.

Duk mai girki ta san yadda leda ke kama gawayi. Ni ban tsaya ga hurawa ba. Da gawayi ya yi tsada, sai na koma suya da robar zalla. Shekara huɗu ina sunkuye a kan baƙin hayaƙin nan, ina sa wa mai kamfani albarka.

Tari ne ya fara zuwa, da baƙin kaki da safe. Na ce mura ce, na dafa citta da kanumfari.

Ɗiyata Rukayya, wadda ke makarantar koyon aikin lafiya, ta same ni a bakin murhu ta ce, "Umma, wallahi robar nan ce ke cin ƙirjinki." A gaban masu saye ta faɗa. Na miƙe na sharara mata mari har leɓenta ya fashe. Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ta goge jinin da gefen hijabinta ta shige gida.

Na rubuta wannan ne don laifina ne, kuma ban saba ɓoye laifin kowa ba.

Wata Talata da la'asar tarin ya shaƙe ni, kamar an taka mini ƙirji da takalmi. Na tofar, sai ga jini. Na nemi iska na rasa. Da na faɗi, gwiwar hannuna ta doki kaskon, tafasasshen mai ya kwararo mini daga kafaɗa zuwa yatsu. Da aka cire mini riga a asibiti, da fata ta fita.

An yi hoton ƙirji, an kai kaki gwaji sau biyu don ana zaton tarin fuka ne. Ba shi ba ne. Ruwa ne ya taru a gefen huhuna na dama, huhun kuma ya riga ya ƙuntata. Likitoci suka tsaga tsakanin haƙarƙarina suka cusa bututu don zuƙe ruwan. Na haihu bakwai, ban taɓa ihu irin na ranar ba.

Likita ya tsaya a kaina ya ce, "Mama, taba kike sha?"

Na harare shi. Rukayya ta ce, "Da roba take suya, kuma kamfanin yana bayan ɗakinta."

Ya girgiza kai ya ce, "Da taba ce ma da sauƙi."

Kwana goma sha tara ina kan oksijin. Wankin ƙuna kullum da safe, sai mutum biyu sun danne ni. 'Yan kunnena na zinari da firjina duk sun tafi a magani. Tsoron da na ji ba na mutuwa ba ne kawai. Tsoron mutuwa ina jan iska tana ƙin shiga, shi ne ya hana ni runtsawa ko da rana.

A kwana na shida ɗana Sagir, ɗan acaba, ya shigo idonsa jajir, yana warin fetur. Ashe ya tara abokansa da gorori da adduna, har sun fasa wa mai gadin kamfanin kai. Ya ce, "Umma, yau sai wurin nan ya zama toka."

Na fizge abin numfashin daga fuskata na damƙi wuyan rigarsa da hannuna mai lafiya. Na ce, "Mi mai gadi ya yi maka? In ka ƙyasta ashana ban yafe maka ba. Hayaƙin gobarar wa zai shaƙa, in ba ƙannenka ba?" Daga nan na suma. Bai je ba. Da kansa ya kai mai gadin asibiti aka ɗinke shi.

Matan unguwa ne suka yi aikin da adda ba ta yi ba. Suka karɓi hoton ƙirjina na asibiti suka je wurin mai unguwa, ya raka su ofishin kula da muhalli. Zuwa huɗu suka yi kafin a turo jami'ai. Yanzu an rufe ramin ƙonawa, an ƙara wa bututun hayaƙin kamfanin tsawo, an sa masa matata, an hana rabon tarkace. Warin bai ƙare duka ba, kuma ba mu daina zuwa ofishin ba.

Alhamdu lillahi, ina gida. Na gode wa likitoci da nas-nas da suka jure masifata, da maƙwabtan da suka riƙa kawo kunu. Rukayya ce ta yi jinyata tun daga ranar farko, na kuma roƙe ta gafara da bakina.

To, iyaye mata, ku ji. Kada ku hura wuta da leda ko roba, ko da ƙyalle ɗaya ne. Tarin da ya wuce sati biyu na asibiti ne, ba na citta ba. In kamfani yana turo muku hayaƙi, ku haɗa kai ku kai ƙara a rubuce, ku yi ta komawa har a gaji da ku. Kada ku bar samarinku su ɗauki makami. Kuma in ɗan da kuka kai makaranta ya gaya muku abin da ya karanto, ku sauke hannu ku saurara.

Likita ya ce huhun ba zai koma kamar da ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai na huta. Tsawar da duk unguwa ta san ni da ita ta tafi, ko jikokina sai na yafito su da hannu. Shi ya sa na rubuta. Ku karanta shi kamar ina tsaye a kanku.