Yayen Kwana Bakwai

Shekarar da fari ya kore mu daga Zermu, ina goye da 'yata ta farko, ba ta cika shekara biyu ba. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, awakinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya kai ni Damagaram, gidan yayata da muke ciki ɗaya, wadda ke aure a unguwar Birni da 'ya'yanta huɗu duk maza. Shi kuwa ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya nufi Kano ci-rani.

Damuwa kam babu wanda ba ya da ita a lokacin. Yayata ma tana da tata: baki ya ƙaru a gida, tiyar hatsi kullum ƙara tsada take. Amma irin tata damuwar ita ce mai tashin mutum da sassafe, ta kai shi layin jar dawar taimako, ta sa shi cacar baki da mai awo. In tuwo ya sauka, sai ka ji ta tana ƙyaƙyata dariya. Tawa daban ce. Ni da ko a Zermu ba a riga ni zuwa rijiya, ban yi wata guda a Birni ba na zama kamar tsumma. In ɗauki taɓarya, in tsaya ina kallon turmi. Loma ba ta wuce mini wuya. Da wani ya ambaci ƙauye sai hawaye, ba tare da na shirya ba.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa wawuya na buɗe nawa. Wata la'asar muna tsintar dawa na ce, "Yaya, ban san abin da ya same ni ba. Jiya yarinyar nan ta yi ta kuka, ina jin ta, na kasa tashi."

Ta dafa kafaɗata. "Haba ƙanwata, kowa haka yake ji, fari ne. Ga gajiyar goyo. Kawo ta in yaye miki ita, kwana bakwai a ɗakina, ki samu ki huta."

Ba sabon abu ba ne, kowa ya san wajen dangi ake kai yaro yaye. Har godiya na yi mata, da hannuna na kwance goyon na miƙa.

Kwana bakwai suka zama wata. In na yi zancen, sai ta ce in bari in ƙara jin ƙarfi. Wata maƙwabciyarmu mai saƙar tabarma ce ta gaji da ganina a rakuɓe, ta ja ni dispansar. Likitan dattijo ne, bai yi gaggawa ba. Ya tambayi yaushe abin ya soma, ko na taɓa yin haka a gida, ko ina jin wasu muryoyi. Na ce a'a. Ya ce, "Malama, ba hauka ba ce. Ba kuma damuwar yau da gobe ba ce, waccan ba ta hana mutum aikinsa. An tumɓuke ki daga wurinki farat ɗaya, zuciya ba ta biyo ki ba tukuna. Irin wannan yana wucewa, amma yana son taimako." Ya ce in riƙa zuwa muna magana, in kuma samar wa hannuna abin yi. Na koyi saƙar kaba wajen maƙwabciyar. Sannu a hankali na soma jin yunwa kamar kowa, har na yi faɗa a layi, ranar kuwa na san na dawo.

Da damina ta kankama maigidana ya dawo ɗaukarmu. Na ɗaure kayana, na je ɗauko 'yata. Sai na iske yayata ta tara kawunmu da mijinta a zaure. Bakin nan da ya ce mini kowa haka yake ji, shi ne ya ce, "Kawu, ba ta cikin hankalinta. Da bakinta ta faɗa mini yarinya na kuka ta kasa tashi. In an ba ta ita, alhakin na wuyanku."

Maganata ce, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ina da amsa, ina da maganar likita. Amma yarinyar 'yar farko ce. A wajenmu uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na farko, balle ta tsaya gaban manya tana jayayya a kansa. Yayata ta san wannan sarai, shi ya sa ta zaɓi zaure. Maigidana ya sunkuyar da kai, kawu ya ce ai duk gida ɗaya ne. Na yi kara, na hau kamiyo da zanen goyo a naɗe cikin ƙwarya. Har yau ban yafe wa kaina wannan shirun ba, yayata ma ban yafe mata ba.

Ciwon ya yi watanni ya tafi, bai sake dawowa ba. Na haifi biyar bayan 'yar tawa, na raine su da hannuna. Ita kuwa ta girma tana kiran yayata Inna, ni Inna ƙarama. Yanzu har jikoki gare ta. Duk lokacin da ta zo gaishe ni, takan durƙusa nesa kaɗan, ta sassauta murya kamar mai duba marar lafiya, ta ce, "Inna ƙarama, ya jikin naki?"