Tutar da Lurwanu Bai Ɗaga Ba

Yau kwana arba'in da muka binne Lurwanu a maƙabartar Al-Oud. Shekara uku da rabi muka yi ɗaki ɗaya da shi a unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad, fanka ɗaya, faranti ɗaya. Har yanzu in na dawo daga aiki sai na yi sallama a bakin ƙofa, sannan in tuna babu mai amsawa.

Mutumin Birnin Kudu ne, ma'aikacin jinya. Jirgi ɗaya ya kawo mu Riyad a ƙarshen 1975, lokacin da kuɗin mai ya sa asibitoci ke ɗaukar ma'aikata daga ko'ina. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma duk Alhamis yakan rubuta wa matarsa Kaltume wasiƙar da ba ta wuce rabin shafi.

A asibitinmu akwai Turawan ƙasar Ayalan, wasu a ɗakin gwaji, wasu masu gyaran injuna. Babbansu shi ne Fintan, mai gyaran lantarki, wani mai sanƙo da tumbi wanda muke kira Malam Finta. In sanyi ya shigo, ranar Juma'a bayan la'asar sukan taru a wani fili a bayan unguwar Malaz su yi ƙwallon ƙasarsu da suke kira Gelik. Abokan karawarsu kullum su ne 'yan ƙasarsu da ke aiki a wani kamfanin gini.

Ranar da muka fara zuwa kallo dariya ta kusa kashe mu. Mutum ya ɗauki ƙwallo a hannu ya ruga da ita, ya naushe ta, ya buga da ƙafa, alƙalin wasa bai busa ba. Ƙarafan raga kuma sun zarce sama kamar na lantarki. In ƙwallo ta bi ta saman raga tsakanin ƙarafan, maki ɗaya ke nan, sai wani mai farar riga da ke tsaye a bayan raga ya ɗaga farar tuta. In ta shiga raga, maki uku ne, sai ya ɗaga koriya.

A sanyin farko 'yan asibiti suna da wani jan saurayi mai gudu kamar barewa, sai cin wasa suke yi. Mu Hausawa muka ɗauke su namu. Mukan kai talatin a bakin filin, da ɗalibai da ma'aikata, da tabarmi da fulas ɗin shayi. Isiyaku, direban motar asibiti, shi ne sarkin ihu. Har rantsuwa ya yi cewa shi da 'yan asibiti sai mutuwa.

Kwantiragin saurayin ya ƙare ya koma gida. Aka bar mu da dattawa masu haki, su kuwa 'yan kamfani ƙarti ne masu wuni da buhun siminti a kafaɗa. Aka ci mu sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Tabarmi suka fara raguwa. Isiyaku ya gano cewa a babban filin wasa na Malaz akwai kujeru da inuwa da ƙungiyoyin da ke cin kofi, ya kwashi jama'a suka koma can. Ni ma na bi su. Na ce wa Lurwanu ƙafata ce ke ciwo, ya dube ni ya ce Allah ya sawwaƙe.

Shi kaɗai ya rage. Wata Juma'a ya je filin kai tsaye daga aiki da farar rigarsa, aka yi daidai mai riƙe tuta ya bar ƙasar. Malam Finta ya dubi rigar ya ce ai ga mutum ya zo a shirye. Daga ranar Lurwanu ya zama mai tuta a raga ɗaya. Tsohuwar koriyar tutar ta yage, sai ya samo ƙyallen ɗakin tiyata da aka daina amfani da shi, ya ɗinke bakinsa da hannunsa, ya ɗaura a sandar tsintsiya. Shi ke zuba farar ƙasa a layi, shi ke ɗinke raga da tsohon bandeji.

Sanyi biyu ya yi a bayan ragar nan. Ya ɗaga wa 'yan kamfani koriyar tuta har hannunsa ya gaji, amma bai taɓa ɗaga wa nasa ba ko sau ɗaya. Sukan samu maki ɗai-ɗai ta sama, raga dai ta gagare su. In ya dawo yakan ninke tutar ya sa a ƙarƙashin filo.

"Alhaji mai tuta," Isiyaku yakan ce in sun haɗu a masallaci, "yau nawa aka zuba muku? A kawo motar asibiti?"

"Sun yi ƙoƙari," in ji Lurwanu.

"Ƙoƙarin me? Tsohon naka in ya yi gudu tumbinsa ke riga shi isa."

Na taɓa tambayarsa me yake samu a wurin. Ya ce, "Jibo, mutanen nan in sun faɗi sai sun waiwaya bakin fili. In ba su ga kowa ba fa?" Sannan ya ce, "Sau ɗaya nake so in ɗaga musu ita. Sau ɗaya tak."

A farkon 1979 aka wayi gari an kafa turaku masu jan fenti a filin. Za a yi bene hawa bakwai. Aka ce wasa ɗaya ya rage. Lurwanu ya bi ɗakunan Hausawa ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a zo. Mu goma sha ɗaya muka je, har da Isiyaku, wanda ya ce ya zo jana'iza ne.

Ban san abin da ya shiga jikin dattawan nan ranar ba. Ana saura minti biyu a tashi, 'yan kamfani na gaba da maki biyu kacal, kuma ragar da Lurwanu ke tsaye a bayanta ita 'yan asibiti ke kai wa hari. Ƙwallo ta faɗo hannun Malam Finta a gefe. Ya juya da ƙyar, ya rufe ido ya narka mata ƙafa. Sai ga ta kwance a cikin raga.

Muka ɓarke da ihu. Isiyaku ya jefa hularsa sama ya faɗa filin yana cewa dama ya faɗa. Malam Finta ya durƙusa a ƙasa. Kowa ya juya yana duban Lurwanu, har alƙalin wasa, domin a dokarsu maganar mai tuta ita ce magana.

Na ga hannunsa a kan sandar koriyar tutar. Na ga ya ɗago ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Sai ya ajiye, ya buɗe hannayensa biyu, alamar ƙwallo ta fita waje. Ta bayan ƙarfe ta wuce, ta shiga ta wata ɓula a gefen raga inda bandejin da ya ɗinka ya tsinke. Shi kaɗai ya gani. Mai tsaron ragar 'yan kamfani ma ya riga ya sunkuyar da kai.

"Kai ɗan asibiti ne ko ɗan siminti?" Isiyaku ya daka masa tsawa. "Ka tara mu don ka kunyata mu? Wallahi da na sani da barcina na yi!" Kafin a busa tashi sun naɗe tabarmi sun tafi.

Malam Finta ya tako a hankali, fuskarsa ja wur. Ya ce, "Ka tabbata?" Lurwanu ya nuna masa ɓular. Baturen ya sa yatsa a ciki ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki ƙwallon ya miƙa masa ya tafi.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Lurwanu, wa ya gani?"

"Ni na gani, Jibo."

Bai ci tuwon da na tuƙa ba ranar.

Mako bai cika ba motoci suka haƙe filin. Lurwanu ya yi hayar a-kori-kura ya kwaso ƙarafan ya jibge a rufin gidanmu. Daga nan kowace Juma'a sai ya fita neman fili. Ya je gabas, ya je kudu. Duk inda ya auna da taku ya ga ya isa, in ya koma sati na gaba sai ya tarar da turaku. 'Yan wasan ma suna ta tafiya, saura shida. Na ce masa ko ya samu filin wa zai buga? Ya ce a fara samun filin tukuna. Sau uku ya ce in raka shi, sau uku na ce zafi ya yi yawa.

A hanyar Kharj abin ya faru, bayan la'asar. Yana auna wani fili a bakin titi, kansa a ƙasa yana ƙirga taku, motar yashi ta yi baya ba ta gan shi ba. Da iƙamarsa, wato katin izinin zama a ƙasar, aka gane shi. A jakarsa akwai gorar ruwa da tutocin nan biyu.

Mutane sun zo jana'iza sosai. Isiyaku yana sahun gaba, yana gaya wa kowa cewa shi da marigayi tare suka fara son ƙwallon nan. Ni ma ba ni da bakin ƙaryata shi. Malam Finta bai shiga maƙabarta ba. Ya tsaya a bayan katanga cikin rana, babu hula, har muka fito.

Ƙarshen watan nan Malam Finta zai koma ƙasarsu. Mai gidanmu ya ce in sauke ƙarafan daga rufi kafin Asabar, ko ya kira masu sayen ƙarfe. Na haɗa kayan Lurwanu zan aika wa Kaltume, sai koriyar tutar ce na rasa yadda zan yi da ita. In ta buɗe za ta ga ƙyallen asibiti ne a jikin sandar tsintsiya. Na sa ta a akwatin na fitar har sau biyu. Yanzu tana ƙarƙashin filonsa, inda yake ajiye ta.

Allah ya yi maka rahama, abokina, ya yafe mini Juma'o'in da na bar ka kai kaɗai.