Dawar da Baba ya hana a yi wa hukunci da rana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai mahaifinmu, Malam Idi, makwancinsa a Tafashiya, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa a wannan shafi ba. Kunya ce ta hana ni, don duk abin da zan faɗa game da shi sai ya bi ta kan wata wauta da na tafka. Daminar bana ce ta matsa mini.

Baba manomin dawa ne, kaura, irin da ya gada wurin nasa mahaifin. Kowace kaka yakan zagaya gona shi kaɗai ya yanko zangarniyun iri daga kan tudu, inda ƙasa ta fi saurin bushewa, ya rataye su a ɗakin girki hayaƙi ya riƙa dukansu. Ba ya ɗaukar na kwari ko da sun fi girma. A cewarsa waɗannan ba su san wahala ba. Har ƙasa yakan ɗanɗana da harshe. In ya ga fari-fari ya taso a lambu kamar an barbaɗa kanwa, sai ya hana mu yayyafin kullum, ya sa a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya don ya tura gishirin can ƙasa, sannan a rufe da taki. Mu a lokacin tsufa muka ɗauka.

Shekarar da na fara koyarwa a Kankiya, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ruwa kuma ya ɗauke kusan mako uku bayan noman firi. Ran wata Asabar da azahar na hau keke na leƙa gonar. Ganyen dawa duk ya naɗe kamar tabarma, ya koma ruwan toka. Ni kuwa ga takardar shaida sabuwa fil, ga kai ya kumbura. Na yanke cewa ta mutu, na samo shanun huɗa aka kife rabin gonar, na zuba masara. Ban shawarce shi ba, wai don kada in tayar wa mara lafiya hankali. Da yamma ma da alfahari na ba shi labari.

Ya dube ni ya ce, “Da wane lokaci ka gan ta?”

Na ce da azahar.

“To, Malam, gobe in an sallame asuba ka ɗauke ni bisa keke mu tahi.” Ranar ce ya fara kirana Malam, kuma na san ba yabo ba ne.

Da muka isa, rabin da ban taɓa ba ya buɗe shar, raɓa ta taru a tsakiyar kowace shuka. Ya dafa kafaɗata ya sauka, ya shafa kara ya nuna mini farin garin da ya manne a yatsansa. Ya ce da shi take tsare ruwan jikinta, ganyen kuma naɗe shi take don kada rana ta shanye ta, saiwarta na can ƙasa tana neman danshi. “Ba a yi ma dawa hukunci da rana tsaka. In ta buɗe da sahe, da ranta.” Sannan ya juya ya daɗe yana kallon inda na kife. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ruwa ya dawo bayan ’yan kwanaki, dawarsa ta tashi, masarata kuwa ko gashi na kirki ba mu samu ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Injin ban ruwa na ta kuka a kowane lambu, ana yayyafi safe da yamma, farin nan kuma sai ƙara yaɗuwa yake. Ga sababbin iri masu saurin nuna. Ba na jin zai ƙi su, don ba mai taurin kai ba ne. Zai dai ware musu kunya biyu a gefen gona, ya jira ya ga halinsu ranar da sama ta hana.

Ƙanena Lawal ne ke riƙe da gonar yanzu. Bara ƙwari suka shiga irin Baba, abin da ya tsira bai cika kwano biyu ba, kuma shi muka shuka kaf bana. Wata guda da shuka ruwa ya ɗauke. Lawal ya kira ni ya ce zai kife ya sa wake tun lokaci bai ƙure ba. Ban ga laifinsa ba, yana da bakuna takwas a gida. Amma in ya kife, irin ya ƙare ke nan har abada.

“Yaya, ta mutu. Kowa ya tuge tashi.”

“Da wane lokaci ka gan ta?” Sai da na faɗa na gane muryar Baba ce ta fito daga bakina, idona ya cika.

Na je gida na kwana, muka fita bayan asuba. Ta wajen lambu, inda kanwa ta ci ƙasa, ganyen bai buɗe ba. Gishiri da ƙishi sun haɗu mata, ta tafi. Muka hau tudu. Can ta buɗe, ba duka ba, amma ta buɗe. Lawal ya tsuguna ya shafa kara, ya dubi yatsansa. Muka kife ta ƙasan ya sa wakensa, ta tudu muka bar ta.

Ba mu cika rumbu ba, kada in yi ƙarya. Baba bai bar mana dukiya ba, ko hotonsa ɗaya tak ne a gidan. Abin da ya bari shi ne irin nan da kuma haƙurin jiran safiya. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa.

Makon jiya na je gida na tarar da zangarniyu rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya fara baƙanta su. Na tambayi Lawal daga ina ya yanko.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Na tudu mana, Yaya. Na kwari ai ba su san wahala ba.”