Kelepi Mai Ɗaukar Hoto a Zaune

Kelepi ɗan ƙanena ne, ni na raɗa masa suna, don haka in na ce ya tafka wauta ba mai ce mini na shiga sharo ba shanu. Shekararsa hamsin da huɗu, furfura ta cinye masa gemu, amma har yau in zai shigo gidana a Neiafu, garinmu a tsibirin Vava'u na ƙasar Tonga, tun daga bakin ƙofa yake durƙusawa.

Sana'arsa hoton makoki. Tun yana ɗan shekara ashirin wani matuƙin jirgin ruwa ya ba shi kyautar tsohuwar kyamara, shi ke nan ya samu abin yi. Duk gidan da aka yi rashi a Vava'u, da an aika wa fasto sai a aika wa Kelepi. Rabin kowane dangi na ƙetare, a biranen Auckland ko Sydney, ba kowa ke samun zuwa ba. Hotonsa ne ke kai musu fuskar uwarsu ta ƙarshe, su ga tabarmin da aka shimfiɗa mata, su ga wanda ya zo da wanda ya noƙe.

Yadda yake aikinsa kuwa, ya sa baƙaƙen kaya, ya ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu kamar yadda kowa ke yi a makokinmu, ya shiga a sunkuye, ya nemi gefe ya tanƙwashe ƙafa. Ba ya tsayawa a kan gawa, ba ya tsayawa a kan goggon mamaci da ke zaune a wajen kai, wadda a al'adarmu ita ce babba ranar. Wane ɗan mutunci ne zai yi haka? Shi ya sa hotunansa duk daga ƙasa suke kallo: haɓar masu kuka, bakin tabarma, hannun tsohuwa a kan gwiwa, rufin ɗaki. Har mantawa ake yana wurin.

Ana nan sai ga Kalolaine. Iyayenta 'yan Tonga ne, amma a Auckland aka haife ta, tana aiki a wani gidan baje kolin hotuna a can. Ta ga aikinsa a ɗakin wata 'yar'uwarta, ta hau jirgi ta zo, ta zaɓi guda arba'in. Kelepi ya bi gida-gida yana neman izini, kowa ya ce masa ya je, Allah ya ba da sa'a. Saura abu ɗaya: wai sai ya rubuta ɗan tarihinsa, kalma ɗari da hamsin, a manna a bango kusa da ƙofa.

Ya kwashe mako guda yana fama. Ya sa sunan ubansa Mosese, da na uwarsa, da ƙauyensu, da cocinsu, da gidajen da suka yarda masa. Kalolaine ta duba ta yi dariya.

"Kawu, ai wannan rajista ce. Ba wanda zai tsaya ya karanta. Bari in gyara maka."

Ranar da gyararriyar ta iso ina saƙar tabarma a baranda. Na ga yana ninke takarda yana turawa aljihu, na ce, "Karanta mini."

"Goggo, Turanci ne."

"To juya mini shi. Kuɗin makarantar da ubanka ya biya ai ba na ado ba ne."

Ya fara yana in'ina. Wai Kelepi ya shekara talatin yana ɗaukar hoto daga ƙasa da gangan, don ya nuna wa duniya yadda al'ada ta danne talaka. Wai makoki na tsiyata gidajenmu, shi kuma yana tona asirin a ɓoye. Wai kyamararsa makami ce marar ƙara.

"Makami? Wa ka harba, soja?"

"Haka ake rubutawa, Goggo. Ta ce in ba labari mai zafi, ba mai waiwayar hoton."

"Don me kake zama a gidan makoki?"

"Don ladabi."

"To nuna mini inda ladabin yake a takardar nan. Sa mini yatsa a kai, ko ban iya karatu ba, zan gaishe shi."

Ya ce ai Turawa ne za su karanta.

"Turawa? Kai, ƙaton banza! Rabin layin nan suna Auckland suna wanke ofisoshi. Kana tsammani za a rataye uwar mutum a bango bai je ya gani ba? Su karanta cewa kai ɗan leƙen asiri ne a kan gawarsu, sannan gobe su kira ka?"

Ba zan yi masa ƙarya ba, na san abin da ke cin sa. Shekara talatin hotunansa na rataye a falon mutane daga nan har Sydney, ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Sau ɗaya yake so ya ga an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Ya tambayi Kalolaine ko za a cire maganar makamin, ta ce an riga an kai wa masu bugawa, ko ya sa hannu ko a ɗage abin sai wata shekara. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya sa hannu.

An buɗe baje kolin ran Asabar, Kelepi ya je har Auckland. 'Yan Tonga suka cika wurin da kayan coci. Wani ya ɗauki hoton bangon da waya, kafin Kelepi ya sauko daga jirgi takardar ta riga shi isowa Neiafu, an juya ta, an ƙara mata gishiri. Hoton da ya fi girma a ɗakin na makokin wani ɗan garinmu Filimone ne. Matarsa Siutaisa ta tare ni a kasuwa, gaban masu sayar da doya.

"Ashe tsiyarmu ɗanki yake ɗauka? Alade goma sha biyu na yanka wa mijina, da hannuna na kiwata su, ban roƙi kowa ba. Shi ne aka kai ni ƙasar mutane a matsayin abar tausayi?"

Gaskiya ta faɗa.

Wata takwas ba wanda ya aika masa. Aka yi makoki goma sha ɗaya, samari suna tsaye ƙiƙam a kan gawa da wayoyi kamar masu cinikin kifi, ba mai tsawata musu. Na ji haushin Kalolaine, wadda ta kalli ladabi da idonta biyu ta kasa gane shi. Na ji haushin garin, da suka manta wanda ya bi laka da ruwan sama ya kai wa 'ya'yansu fuskokin iyayensu. Amma nasa haushin ya fi, don shi ya san ƙarya ce.

Sai Allah ya yi wa Taniela rasuwa, ɗan ɗaya ƙanen nawa, wanda ke auren 'yar Siutaisa. Ni ce goggo, ni ce a wajen kai, ranar maganata ce magana. Da hantsi na leƙa na hango Kelepi can bayan gida wajen ramin gasa abinci, yana fere rogo, hayaƙi na cin idonsa. Na ce a kira shi, ya zo da kyamara.

Siutaisa ta ce, "Ba a kan surukina ba."

Da na so sai in ce a ɗauka, ba mai musa mini. Amma na san iko na kwana ɗaya ne, gobe ya koma fere rogo. Ya shigo a sunkuye ya zauna. Ɗaki cike, masu waƙar coci sun yi shiru.

"Gaya musu kai wane ne," na ce. "Da bakinka. In na ji kalma ɗaya ta yarinyar nan ta Auckland, da muciya zan raka ka."

Ya ɗago kai ya ce:

"Ni ne Kelepi ɗan Mosese. Ina ɗaukar hoton makoki don na nesa su ga nasu. Ina zama ne don ban isa in tsaya a kanku ba, ba wani dalili. Takardar nan na karanta ta, na san ba haka ba ne, na sa hannu don ina so a ga sunana. Ku yafe mini."

Siutaisa ta dube shi sama da ƙasa, ta share hanci da gefen mayafi.

"Ɗana na Sydney, ƙanen matar mamacin nan, bai samu biza ba. Ɗauki. Amma hoton mijina, ka sa a sauke shi a dawo mini da shi, ko a ninkaya ne."

Ya ɗauka, a zaune. Hoton Filimone ya iso bayan mako shida, an naɗe shi cikin kwali. Tun daga ranar an yi makoki bakwai, gida huɗu sun aika masa. Sauran ukun sun ce su wayoyin jikokinsu sun ishe su, shi kuma bai je ya roƙa ba, don na hana shi.